Yadda Ake Tsara Shirin Karatun Yara Masu Buƙata ta Musamman a Matakin Mazaɓa

Ka tambayi hedimastan firamare yara nawa gare shi masu buƙata ta musamman, sai ka ga ya ɗaga kai sama ya yi jim, sannan ya ce, "Akwai wani gurgu a aji huɗu." Makaranta mai yara dubu da ɗoriya, a ce mutum ɗaya tak. Alhali ƙiyasin da UNICEF ta fitar a 2021 ya ce yara kusan miliyan 240 ne a duniya ke da wata nakasa, wato ɗaya cikin goma. To sauran suna ina? Wasu suna zaune cikin ajin nan, ana ce musu daƙiƙai don ba sa jin abin da malam ke faɗa ko ba sa hango allo. Wasu suna ƙuryar ɗaki, ko maƙwabta ba su san kamanninsu ba. Wasu kuma suna bakin danja da ƙoƙon bara.

Doka ta riga ta yi magana. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu nakasa ta 2018. Sashe na 17 ya ba su ilimi kyauta har sakandare, sashe na 18 ya ce kowace makarantar gwamnati ta zama mai karɓar kowa, da aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar don su. An ba gine-ginen gwamnati wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shiga, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Jihohi da dama sun yi tasu dokar. Sai dai takarda ba ta ɗaukar yaro ta kai shi aji. Wannan aikin mutanen unguwa ne, kuma mazaɓa ita ce daidai wa daida, domin a nan ne ake sanin kowa da sunan gidansu. Ga yadda ake bin sa.

Mataki na farko: su wa za su zauna

Kada a kafa sabuwar ƙungiya da tambari da asusun banki. Akwai kwamitin kula da makaranta, SBMC, wanda hukuma ta sani, kuma yana da hurumin rubuta tsarin raya makaranta. A ciro ƙaramin kwamiti daga cikinsa, mutum bakwai zuwa tara, kada ya wuce haka, don in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. A sa hedimasta, da mai unguwa ko wakilin dagaci, da jami'in asibitin sha-ka-tafi na mazaɓa, da liman ko fasto gwargwadon mutanen wurin, da malamin Islamiyya.

Kujeru biyu ne ba a yin wasa da su. Ɗaya ta uwar yaro mai buƙata ta musamman ce, ita da take goya ɗan shekara tara ta san abin da ba wanda ya sani a zauren. Ɗayar ta babban mutum ce mai nakasa. A garuruwanmu akwai sarkin makafi, sarkin guragu da sarkin bebaye, sarautu ne masu tarihi, kuma sun san jama'arsu gida-gida. Haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu nakasa ta ƙasa, JONAPWD, tana da rassa a jihohi, a nemi mutanenta na ƙaramar hukumarku. A yi taron a ƙasa inda keken guragu zai shiga, kada a hau bene, in da kurma a samo mai yi masa maganar hannu.

Kafin a taka ƙofar gidan kowa, a kai gaisuwa wurin dagaci a bayyana masa, liman kuma ya taɓo maganar a huɗuba. Tarihin Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon da ya yi ladanci a Madina, ya ishe shi abin faɗa.

Mataki na biyu: a nemo yaran

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin ɓarna. Namiji da jaka da fayil ba zai wuce zaure ba. A nemi matan da suka saba shiga gidaje, irin masu rigakafin shan inna da ungozoma da malaman Islamiyyar matan aure. Su je biyu-biyu, da hantsi, bayan an gama aikin safe.

Kada a taɓa tambaya, "Akwai nakasasshe a gidan nan?" Amsar ita ce babu, Allah ya kiyaye. Na taɓa raka wata mai rigakafi wani gida, na tsaya a zaure ina jin su. Da farko ta yi irin wannan tambayar, aka ce mata lafiyar kowa ƙalau. Sai ta gyara zama ta ce, "Inna, cikin jikokin nan naki akwai wanda in kin kira shi ta baya ba ya waiwayowa?" Tsohuwar ta yi shiru, can ta ce, "'Yar nan, ai ga ta can tana wanke-wanke. Tun da ta yi sanƙarau shekara uku ke nan, sai an taɓa ta." Yarinyar tana aji uku aka cire ta daga makaranta, saboda kullum sai ta dawo da shatin bulala, wai ba ta jin magana. Kuma da gaske ba ta ji ɗin.

Irin wannan tambaya ita ce masana suka tsara. Akwai jerin tambayoyin da ake kira na Rukunin Washington, da wanda suka fitar tare da UNICEF a 2016 musamman don yara, kashi ɗaya na 'yan shekara 2 zuwa 4, ɗaya na 5 zuwa 17. Dabararsu ita ce a tambayi abin da yaro ke shan wahalar yi, a bar sunan cuta. Yana ganin abu daga nesa? Yana jin magana? Yana tafiya kamar sa'o'insa? Yana iya cin abinci da sa riga da kansa? In ya yi magana mutanen waje suna ganewa? Yana riƙe abin da aka koya masa? Yana zama wuri ɗaya ya gama abu, yana wasa da yara? Kowace tambaya amsarta huɗu: babu wahala, akwai kaɗan, akwai sosai, ba ya iyawa sam. Mu sai mu ƙara da namu: yana faɗuwa yana shure-shure, yana yawan ciwon ƙashi irin na sikila, kunnensa na zubar da ruwa, zabiya ne.

A rubuta a littafi guda: suna, shekaru, unguwa, sunan mai riƙonsa, yana makaranta ko ba ya yi, in ya bari me ya sa. Wannan tambaya ta ƙarshe a ba ta lokaci, domin amsoshinta su ne shirin da za ku rubuta. Za ku ji "ba mai kai shi", "yara suna tsokanar ta", "ba ya iya tsugunno a masai", "hedimasta ya ce mu kai shi makaranta ta musamman da ke Tudun Maliki". Kada a manta da tsangayu, sau da yawa akwai makaho mai hadda a cikinsu wanda ba wanda ya taɓa tunanin boko a kansa.

Littafin nan amana ne. A ajiye shi wurin mutum biyu kawai, da yardar iyaye. Ba a ɗaukar hoton yaro a sa a Facebook don neman taimako. Abu ɗaya kuma: kada mai shiga gida ta yi alkawarin keke ko kuɗi. Da zarar an ji ana rabon kaya sai littafin ya cika da sunayen bogi, masu gaskiya kuma su yi fushi in shiru ya yi yawa.

Bayan gidaje sai azuzuwa. Kowane malamin aji ya ba da sunayen yaran da ke manna fuska a littafi, ko masu kwafa daga na kusa da su maimakon allo, ko waɗanda suka shekara biyu ba su riƙe haruffa ba.

Mataki na uku: a kai su a duba

Kwamiti ba likita ba ne, kada ya laƙaba wa yaro sunan cuta. A shirya rana ɗaya da jami'in lafiya a cikin makaranta. Gwajin ido na farko ba ya buƙatar komai sai allon harafin E da ake kafewa a nisan mita 6, a rufe ido ɗaya a gwada ɗaya. Na kunne, a tsaya bayan yaro, a toshe kunne ɗaya, a raɗa kalma ya maimaita, sannan a leƙa kunnen. Wasu za a tarar dattin kunne ne kawai ko ciwon da magani zai warkar, wasu tabarau suke buƙata.

Waɗanda abin ya fi ƙarfin nan sai a tura gaba da takarda. A Kaduna akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa. A Kano akwai asibitin ido na ECWA, da asibitin ƙashi na Dala, da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano mai sashen gashin ƙashi. Farfaɗiya da matsalolin ƙwaƙwalwa akwai asibitocin tarayya na Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato. Farin ɗigo a tsakiyar ƙwayar idon yaro ba a jira da shi, a tafi a makon. Jaririn da aka haifa da ƙafa a karkace ana gyara ta da filasta in an kai shi da wuri. Takardar turawa kaɗai ba ta kai yaro asibiti, kuɗin mota ne ke kai shi, saboda haka a haɗa yara huɗu ko biyar a mota ɗaya da ɗan rakiya daga kwamiti.

Mataki na huɗu: a zaga makaranta da mai keke

Kada 'yan kwamiti su yi zagayen su kaɗai. A roƙi wani babba mai keken guragu da wani makaho su bi hanyar tun daga bakin titi. Cikin minti goma za su nuna abin da masu ƙafa suka shekara suna tsallakewa: kwata marar murfi a ƙofar shiga, yashi mai kafe taya, baranda mai tsawo, ƙofa mai ƙunci, aji mai duhu da allon da ya koɗe.

Gangaren hawa yana da ƙa'ida. Duk tsawon ƙafa ɗaya na baranda yana buƙatar gangare mai ƙafa 12, da ƙarfen dafawa, kuma kada a goge simintin ya yi santsi. Ƙofa ta kai faɗin ƙafa 3, kimanin santimita 90. Na ga wata makaranta da ɗan kwangila ya yi musu gangare a tsaye kamar tsani. Mai keke ɗaya bai taɓa hawansa ba, yara ne suka mayar da shi wurin sulu da fasasshiyar jarka. Siminti ya tafi, an kuma rubuta a rahoto cewa an yi. Don haka in magini zai fara, wani ya tsaya a kansa da ma'auni.

Masai ya fi gangare muhimmanci, amma shi ake mantawa. Yaron da ba ya iya tsugunno zai ƙi shan ruwa tun safe don kada fitsari ya kama shi, in ya gaji ya daina zuwa. Kujerar katako mai huda da kafinta zai yi, da ƙarfe a bango daga mai walda, da ƙofa mai buɗewa waje, sun magance wannan a ɗaki ɗaya. Ga 'yan mata a tabbata yana da sakata.

Mataki na biyar: kowane yaro da takardarsa

A zauna da iyaye, da yaron in ya isa, a yanke inda zai yi karatu. Mafi yawa makarantar unguwa ta ishe su in an yi gyara. Makaho da ke buƙatar koyon rubutun makafi mai ɗigo shida, ko kurman da ba shi da mai yi masa maganar hannu a kusa, zai fi amfana da makaranta ta musamman, ko da na shekarun farko ne: Tudun Maliki a Kano, A.A. Raji a Sakkwato, makarantar ilimi na musamman ta jihar Kaduna, ko ta makafi da ke Gindiri a Filato wadda aka kafa tun 1953. Ra'ayina, ɗan shekara shida bai kamata a raba shi da uwarsa a kai shi kwana ba sai in babu wata hanya. In mazaɓa tana da kurame shida ko bakwai, gara a nemi aji guda a firamare ɗaya da malami ɗaya mai maganar hannu.

A nan akwai abin lura. Maganar hannun da kurame ke yi a kasuwa da majalisa a ƙasar Hausa daban take da ta makaranta, wadda ta samo asali daga ta Amurka ta hannun Andrew Foster, kurman da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Yaro zai dawo hutu da alamun da uwarsa ba ta sani ba. A sa a cikin shiri cewa wani babban kurma zai riƙa koyar da iyaye da 'yan ajin sau ɗaya a mako.

Takardar yaro shafi ɗaya ce: abin da yake iyawa, abin da ke ba shi wahala, buri biyu ko uku na wannan zangon, da wanda zai yi me. Burin ya zama wanda ake gani. "Zai inganta" ba buri ba ne. "Zai rubuta sunansa kafin hutu" ko "za ta zo makaranta kwana huɗu a mako" su ne ake iya dubawa.

Mataki na shida: malamai

A fara da binciken takardun malaman da ke ƙaramar hukumar. Sau da yawa akwai wanda ya karanci ilimi na musamman a Jami'ar Bayero ko Jami'ar Jos ko Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo, amma an tura shi yana koyar da lissafi a wani ƙauye. Dawo da shi bai wuce sa hannun sakataren ilimi ba, kuma mutum ɗaya zai iya zagaya makarantu uku.

Sauran malamai a yi musu bita ta yini ɗaya kan abubuwan da ba sa cin kwabo. Mai ƙarancin ji ya zauna gaba, malam ya fuskance shi in zai yi magana, kada ya yi bayani yana kallon allo. A faɗi abin da ake rubutawa da baki saboda mai raunin gani. Zabiya ya zauna kusa da allo nesa da hasken taga, a bar shi da hula da riga mai dogon hannu, kada a tsayar da shi a rana lokacin asambili. Mai sikila a bar shi ya sha ruwa ya fita bayan gida ba tare da dogon roƙo ba. Mai jinkirin fahimta a yanka masa aiki ƙanana a ƙara masa lokaci.

Farfaɗiya tana buƙatar a dage a kanta, saboda camfin da ke tattare da ita ya kori yara da yawa daga aji. Ba a ɗaukarta ta yawu ko taɓawa. In yaro ya faɗi, a kawar da benci da duk abin da zai ji masa ciwo, a sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, kada a danne shi, kada a cusa masa cokali ko ruwa a baki, in jijjigar ta lafa a kwantar da shi ta gefe. In ta wuce minti biyar, asibiti. A faɗa wa 'yan ajin wannan tun kafin abin ya faru.

Mataki na bakwai: a rubuta, a raba kuɗi gida uku

Shirin kada ya wuce shafi uku. Kowane layi ya ƙunshi aiki, da sunan mutum ɗaya da zai yi shi, da ranar gamawa, da kuɗi, da inda za su fito. In aka rubuta "kwamiti" a gurbin suna, ba wanda zai yi.

Kashi na farko shi ne abin da ba ya buƙatar kuɗi: sauya wurin zama, mayar da aji zuwa ɗakin da ba matattakala, haɗa yaro da abokan tafiya biyu daga layinsu, daina korar mai buƙata ta musamman a ranar rajista. Wannan a fara shi ranar Litinin mai zuwa. Na biyu shi ne abin da gari zai iya: fentin allo, murfin kwata, kujerar masai, kuɗin mota, daga ƙungiyar iyaye da malamai, tsofaffin ɗalibai, wani mai hali, ko hukumar zakka a jihohin da ke da ita kamar Kano da Sakkwato. Na uku na gwamnati ne: malami, gini, na'urar ji, kayan rubutun makafi.

Game da na ukun, ku je da sani. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, UBEC, kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma daga ciki ana ware kashi 2 cikin 100 don ilimin yara masu buƙata ta musamman, yana bi ta hannun SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Hukumar kula da masu nakasa ta ƙasa, wadda aka kafa a 2020, ita ma ana iya rubuta mata.

Mataki na takwas: a kai inda ya dace, a kan lokaci

Hanyar ita ce hedimasta, sai sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, sai SUBEB, da kwafi ga kansila da ciyaman da hakimi. Kasafin kuɗi yana farawa a Janairu, amma ana haɗa shi tun cikin damina. Wanda ya kai takarda a Disamba sai ya jira wata shekara, don haka a shigar da ita kafin ƙarshen Yuli. Kada a aika ɗan saƙo. A je mutum uku har da uwar nan da mai keken, a ce, "Ranka ya daɗe, yara kaza ne, ga abin da muka riga muka yi da kanmu, ga abu biyu da suka fi ƙarfinmu." Jami'i ya fi sauraron wanda ya zo da abu biyu a kan mai jerin ashirin. A sa a buga hatimin karɓa a kwafinku.

A kuma zauna da hedimasta ranar cike fom ɗin ƙidayar makarantu ta shekara. Akwai gurbin yara masu buƙata ta musamman a ciki, kuma da wannan adadin jiha ke yin lissafi. In ya sa sifili don sauri, sifili za a ware muku.

Mataki na tara: bibiya

Sau ɗaya a kowane zango, kwamiti ya zauna da littafin nan da rajistar aji, a bi suna bayan suna. Wa ya shiga, wa ya daina zuwa, me ya faru? Yaron da ya yi mako guda ba a gan shi ba, a je gidansu, wataƙila tayar keke ce ta fashe ko batirin na'urar ji ya ƙare. A tambayi yaran su kaɗai, 'yan mata kuma mace ta tambaye su, domin yarinyar da ba ta iya magana ita ce mugu ya fi yi wa kwanton ɓauna a hanya.

'Yan aji shida a fara maganarsu tun zangon farko. A rubuta wa masu shirya jarrabawa da wuri in ana buƙatar manyan haruffa ko ƙarin lokaci ko mai karantawa, a je a ga shugaban ƙaramar sakandaren da yaron zai shiga, a miƙa masa takardar yaron hannu da hannu, a kuma duba masai da barandar makarantar kafin Satumba. Littafin kansa a sabunta shi duk shekara kafin buɗe rajista, a ƙara 'yan shekara huɗu da biyar da ungozoma da masu rigakafi suka lura da su.